Dogon Yaro: Amfaninsa Ga Lafiya Da Inda Haɗarinsa Yake

Gabatarwa

Malam manomi, da wuya ka shiga wani gari ko ƙauye a arewacin Nijeriya ba ka tarar da bishiyar dogon yaro ba, ko a ƙofar gidan mai gari, ko a filin makaranta, ko a bakin kasuwa inda ake ɗaure jakuna. Wasu na kiran ta darbejiya, wasu maina, wasu kuma bedi. Saboda sabon da aka yi da ita, mutane da yawa sun ɗauka tun kaka da kakanni take a nan. Ba haka abin yake ba. Asalinta ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta. A zamanin mulkin Turawa aka kawo ta Afirka ta Yamma, aka fara dasa ta a Gana, sannan aka shigo da ita lardin Borno a shekarar 1928, daga nan ta bazu. Ke nan zamanta a hannunmu kimanin shekara ɗari ne, alhali mutanen Indiya sun haura shekara dubu biyu suna magani da ita.

Mun karɓi bishiyar, mun kuma ji labarin cewa tana magani, amma ba mu gaji dogon sanin da masu ita suka tara a kanta ba, musamman sanin inda take cutarwa. Ga shi kuma yanzu malaman gona suna koya wa manoma tatsar mai daga ƙwallonta domin kashe ƙwari a gona da kare wake a rumbu. Wannan abu ne mai kyau, sai dai ya sa man dogon yaro ya fara shiga gidajen da ke da ƙananan yara. Abin da wannan bayani yake so ka riƙe shi ne: amfanin bishiyar da ya fi tabbata yana ga abin da aka shafa ko aka goga a wajen jiki, haɗarinta kuwa yana ga abin da aka haɗiye, musamman man ƙwallonta, musamman kuma a cikin yaro.

Matsayinta a wurin mutanen Indiya

A harshen Hindi ana kiran ta nim. Sunan da masana tsirrai suka ba ta, wato Azadirachta indica, ya samo asali ne daga harshen Farisa, ma'anarsa kuwa 'yantacciyar bishiyar Indiya. Tsofaffin littattafan likitancin gargajiyar Indiya, wanda ake kira Ayurbeda, irin su na Caraka da na Sushruta, sun ambace ta cikin magungunan cututtukan fata, da raunuka, da tsutsar ciki, da zazzaɓi. Har yau a ƙauyukan ƙasar ana yi mata kirari da kantin maganin ƙauye.

Idan ka duba yadda suke aiki da ita yau da kullum, za ka ga yawancinsa a wajen jiki ne. Da safe mutum ya karyi ɗan reshe ya yi asuwaki. Ana tafasa ganyen a yi wa mai ƙuraje wanka. Ana sa busasshen ganye cikin akwatin tufafi da cikin hatsi don korar ƙwari. Man ƙwallon kuma ana yin sabulu da shi, ana shafa shi a kai. Suna ci ma, amma dubi yadda suke cin. A jihohin kudu irin su Andara Paradesh da Karnataka, ranar bikin sabuwar shekararsu da suke kira Ugadi, ana haɗa furen dogon yaro da mazarƙwaila, a wasu wuraren har da tsamiya da ɗanyen mangwaro, kowa ya ɗanɗana kaɗan. A yankin Bengal kuwa ana soya sabon toho tare da gauta, a ci 'yar loma a farkon abinci a lokacin da bishiyar ke fitar da sabon ganye. Wannan cin ɗanɗano ne na wani lokaci a shekara. Ba ɗaya yake da cika kwano da ruwan jiƙo ana sha safe da yamma har tsawon wata ba.

Akwai wani darasi a tarihin cutar agana a can. Shekaru aru-aru ana shimfiɗa wa mai agana ganyen dogon yaro, ana yi masa fifita da rassansa, ana rataye shi a ƙofar ɗaki. Ganyen yana rage ƙaiƙayi, yana korar ƙuda, kuma duk wanda ya gan shi a ƙofa ya san akwai mara lafiya a ciki. To, amma agana ba ta daina kashe mutane ba sai da aka yi allurar rigakafi gida-gida. An ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ita a Indiya a shekarar 1975, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana ƙarewarta a duniya baki ɗaya a 1980. Sauƙaƙa wa mara lafiya daban, kashe cutar daban. Ka riƙe wannan bambanci, domin za mu sake komawa kansa.

Abin da ke cikin bishiyar

Ɗacin dogon yaro yana fitowa ne daga wasu sinadarai masu yawa da ke cikin ganye, da sassaƙe, da ƙwallo. A shekarar 1942 wani masanin haɗa magunguna mai suna Salimuzzaman Siddiqui ya ware ɗaya daga cikinsu daga man, aka sa masa suna nimbin. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan sai fari suka sauka, suka cinye duk wani kore, amma suka bar dogon yaro a tsaye da ganyensa. Wannan ya ja hankalin masu bincike, har a 1968 aka ware sinadarin da ke hana ƙwari ci a ƙasar Ingila, aka kira shi azadiraktin. Yana hana ƙwaro cin abinci, yana hana tsutsa saɓa ta girma, yana kuma rage yawan ƙwan da ƙwaro ke yi.

Darajar bishiyar ta kai har an yi shari'a a kanta. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace tare da ma'aikatar aikin gona ta Amurka haƙƙin mallakar wata hanyar kashe funfunar shuka da man dogon yaro. Mutanen Indiya da magoya bayansu suka ƙalubalanci wannan, suka kawo shaidar cewa manomansu sun daɗe suna yin haka. Aka soke rajistar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005.

Abin lura ga mai gida shi ne, waɗannan sinadarai ba daidai suke a kowane sashe na bishiyar ba. Sun fi taruwa a cikin ƙwayar ƙwallo, wadda kusan kashi 40 cikin 100 nata mai ne. Ƙarfinsu kuma yana sauyawa daga bishiya zuwa bishiya, daga wannan ƙasa zuwa waccan, da kuma yadda aka shanya aka ajiye. Saboda haka babu wanda zai iya duban jiƙon da aka yi a gida ya faɗa maka yawan maganin da ke cikin kofi ɗaya. Ɗaci ba ma'auni ba ne, ko da yake yawancinmu mun taso da ganin cewa gwargwadon ɗacin magani gwargwadon aikinsa.

Inda amfaninta ya fi tabbata

Asuwaki shi ne na farko. Gwaje-gwajen da aka yi a Indiya da ruwan kurkure baki da man goge baki masu ɗauke da dogon yaro sun nuna suna rage dattin da ke manne wa haƙori da kumburin dasashi. Gwaje-gwajen ƙanana ne, amma sun dace da abin da aka daɗe ana gani. A zaɓi ɗanyen reshe mai kaurin fensir, a wanke shi, a tauna bakinsa ya yi laushi, a goga a hankali don kada a ji wa dasashi ciwo, a tofar da ruwan. Kada a karyo daga bishiyar da ke gefen gonar da aka yi wa feshi.

Na biyu shi ne fata. A shekarar 1992 aka buga sakamakon wani aiki da aka yi a kudancin Indiya, inda aka shafa wa mutum 814 masu ƙazuwa haɗin niƙaƙƙen ganyen dogon yaro da kurkum. Masu aikin sun ce kashi 97 cikin 100 sun warke tsakanin kwana 3 zuwa 15. Ba a ware wani rukuni da aka ba wani magani daban don a gwama ba, don haka ba a ɗauki sakamakon a matsayin hujja ta ƙarshe ba. Duk da haka wankan ruwan ganye, da sabulun dogon yaro, da shafa man da aka sirka da wani mai, abubuwa ne masu arha da kan taimaka wa mai ƙazuwa, da makero, da ƙwarƙwata. Kafin ka shafa a jiki duka, ɗiga kaɗan a cikin dantse ka jira kwana ɗaya, domin akwai masu fatar da ba ta jure shi, sai wurin ya yi ja ya yi ƙuraje. Kada a kai shi ido, kada a zuba shi a buɗaɗɗen rauni mai zurfi ko a ƙuna. Ka kuma tuna cewa ƙazuwa cutar gida ce. In ba a yi wa duk 'yan ɗaki magani a lokaci guda ba, aka wanke tufafi da zannuwan gado aka shanya a rana, za ta dawo ko da wane irin magani aka shafa. Idan an yi mako biyu babu sauƙi, ko ƙurajen sun fara ruwa, sai asibiti.

Na uku shi ne korar sauro. Masu binciken zazzaɓin cizon sauro a birnin Delhi sun ba da rahoto a 1993 cewa man dogon yaro kashi 2 cikin 100 a cikin man kwakwa, in an shafa a hannu da ƙafa, ya hana sauro cizo tsawon dare. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya a wasu ƙasashe sun sami kariya ta 'yan sa'o'i kaɗan kawai. Saboda haka yana da amfani ga mai hira a tsakar gida bayan magariba, ko mai ban ruwa a fadama da yamma, amma ba ya maye gurbin gidan sauro mai magani lokacin kwanciya.

Batun zazzaɓin cizon sauro

A nan ne aka fi dogara da dogon yaro a ƙasarmu, a nan ne kuma ya kamata mu tsaya mu yi magana sosai. Kowa ya san yadda ake yi: a tafasa ganyen, wani lokaci tare da na mangwaro da gwaiba da gwanda, a lulluɓa da bargo a yi sirace, a yi wanka da sauran, a sha kofi ɗaya. Mutum ya yi gumi sharkaf, jiki ya saki, ya ce ya warke.

Gaskiya ne cewa a ɗakin gwaje-gwaje an ga wasu sinadaran dogon yaro, irin su gedunin, suna kashe ƙwayar cutar zazzaɓin a cikin kwalba. Amma abin da ya kashe ƙwayar cuta a kwalba ba lallai ne ya kai gare ta a cikin jinin mutum da ƙarfin da ake bukata ba. Ba a yi wani babban gwaji a kan mutane da ya nuna jiƙon dogon yaro yana kawar da ƙwayar cutar daga jini ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin magungunan wannan cuta ba.

To me ya sa mutane da yawa suke rantsuwa cewa ya yi musu aiki? Dalilan a fili suke. Babban mutum da ya tashi a inda sauro yake, cutar ta sha kama shi tun yana yaro, jikinsa ya sami wani ƙarfi na yaƙar ta, sau da yawa yakan tashi ko da bai sha komai ba. Zazzaɓin kansa kuma mai zuwa ne yana tafiya, ya sauka yau ya dawo gobe ko jibi, sai a ba abin da aka sha yabon saukar. Ban da haka, ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Mura da makamantanta sukan wuce da kansu cikin 'yan kwanaki.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 bai sami wannan ƙarfi ba tukuna, mace mai juna biyu kuma nata ya ragu. A wurinsu zazzaɓin na iya juyewa ya yi tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu, jini ya ƙare, ko cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kwana biyun da aka ɓata ana sirace ana jira su ne kwanakin da magani zai fi yin aiki. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, kuma yawancin waɗanda take kashewa ƙananan yara ne. Tun shekarar 2005 ƙasar ta bar kulorakwin, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma ga magungunan haɗi da ake kira ACT, waɗanda ake sha kwana uku. Gwajin jini na ɗan yatsa kuwa bai wuce minti 20 ba. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada a ranar, in an sami cutar a ba shi maganin har ya ƙare, ko da ya warware a kwana na biyu.

Kada wani ya ɗauka raina maganin itace ake yi. Shi kansa ACT daga tsiro ya fito. An samo sinadarinsa, atemisinin, daga wani ganye da mutanen ƙasar Sin suka daɗe suna sha don zazzaɓi, kuma matar da ta jagoranci gano shi, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015. Bambancin shi ne an ware sinadarin, an auna shi, an gwada shi a kan dubban marasa lafiya, an san adadin da ya dace da yaro da wanda ya dace da babba. Dogon yaro bai kai wannan matsayi ba.

Man dogon yaro da ƙananan yara

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a duk bayanin nan. A kudancin Indiya, da kuma tsakanin Indiyawa mazauna ƙasar Malesiya, akwai tsohuwar al'ada ta ɗura wa jariri ɗan man dogon yaro idan yana mura, ko ciwon ciki, ko ana zaton tsutsa. Iyaye suna yi ne da kyakkyawar niyya, kamar yadda iyayensu suka yi musu. A shekarar 1981 wasu likitoci biyu a Malesiya, Sinniah da Baskaran, suka buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet a kan yara 13 da aka kawo musu bayan an ba su wannan mai. Cikin 'yan sa'o'i yaran suka fara amai, suka yi laƙwas kamar masu jin barci, jininsu ya yi tsami fiye da kima, ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa. Asibitocin yara a jihar Tamil Nadu ta Indiya sun ba da rahotanni irin wannan, inda aka ga numfashi sama-sama, da jijjiga mai maimaituwa, da dogon suma. Wasu yaran sun mutu, wasu sun rayu da lahani a ƙwaƙwalwa. Adadin da ya jawo wannan bai taka kara ya karya ba, a wasu lokutan bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba, wato mililita 5.

Manya ma ba su tsira ba. A 2013 likitoci a Indiya sun ba da labarin wani dattijo mai shekara 73 da ya sha kimanin mililita 20 bisa kuskure, ya yi ta amai da jijjiga har aka kwantar da shi. Shi ya warke, domin an kai shi asibiti da wuri.

Ka ga ke nan mutanen da suka fi kowa sanin bishiyar su ne suka fara ɗanɗana wannan bala'i, likitocinsu kuma su ne suka fi gargaɗi a kai. Babu dalilin da zai sa mu jira sai ya faru a gidajenmu. Kada a ba yaro man dogon yaro ya sha, komai ƙanƙantarsa, komai ciwon da yake yi. Kada a sa shi cikin ɗauri ko wani jiƙon jarirai. Kada a ɗiga shi a hanci ko a kunne. Mai shayarwa kada ta shafa shi a nono, kada kuma a shafa wa jariri a hannu ko fuska inda zai tsotsa.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a tsaya ganin abin da zai faru. Wannan guba ba ta da makari, aikin likita shi ne tsayar da jijjiga, da ƙarin ruwa, da gyara jini, da taimaka wa numfashi har jiki ya fitar da ita, kuma duk wannan sai a asibiti. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin mai yana iya faɗawa huhu. Kada a ɗura masa manja ko madara. In yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. A tafi da kwalbar, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da aka sha, da yawansa, da lokacin. Ɓoyewa don jin kunya ko tsoron faɗa yana sa likita ya bi wata hanyar daban, ya ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓin da ya hau kai.

Waɗanda ya kamata su nisanci shan sa

Mace mai juna biyu, da wadda ke neman haihuwa, da mijinta, duk su guji shan jiƙon ganye ko sassaƙe, balle mai. A Indiya an daɗe ana binciken dogon yaro a matsayin maganin hana ɗaukar ciki, saboda man yana kashe maniyyi. A gwajin dabbobi an ga yana hana ciki zama, yana jawo ɓari, yana kuma rage ƙarfin haihuwar namiji muddin ana ba shi.

Mai ciwon sukari da ke shan ƙwayoyi ko yake allurar insulin shi ma ya yi hattara. Ganyen yana iya saukar da sukarin jini, in ya haɗu da maganin asibiti sai saukar ta yi yawa, mutum ya ji jiri da rawar jiki da gumi, har ya faɗi. Wanda kuma ya ajiye maganin asibiti ya koma ga ganye kaɗai, ya bar ciwon yana cin ido da ƙoda a ɓoye. Mai ciwon hanta ko ƙoda kada ya kusance shi, domin waɗannan gaɓoɓi su ne ke tace duk abin da aka sha, kuma su ne aka ga sun fi taɓuwa a dabbobin da aka daɗe ana ba su.

Yanzu ana sayar da garin ganye da ƙwayoyi da shayin dogon yaro a kasuwa, wasu daga Indiya, wasu na gida. Duba lambar hukumar NAFDAC a jiki, amma ka sani lambar shaida ce ta rajista, ba shaida ce ta cewa abin yana warkar da jerin cututtukan da mai talla ya lissafa a lasifika ba.

Tattara ƙwallo da ajiyarsa

Wani haɗarin ba daga bishiyar yake ba, daga sakaci yake. 'Ya'yan da suka faɗo suka kwana a ƙasa mai damshi, ko aka tara su a buhun leda ba su bushe ba, sukan yi funfuna, irin wadda ke kama gyaɗa da masara ta haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Man da aka tatsa daga irin wannan ƙwallo ya tara guba biyu. A tsince 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a murje naman a wanke a ranar, a shanya ƙwallon ya bushe sarai, a ajiye a buhun algarara ko kwando inda iska ke shiga. Duk ƙwayar da aka fasa aka ga ta yi baƙi ko ta yi gari a zubar.

A kuma kula da wata bishiya mai kama da ita, wadda wasu ke kira kurnan nasara. Furen dogon yaro fari ne, nata kuwa shuɗi-shuɗi ne mai sirkin ja. 'Ya'yan dogon yaro dogaye ne kaɗan kuma suna zubowa in sun nuna, nata kuwa kewayayyu ne, suna daɗewa a rataye bayan ganye ya zube. 'Ya'yanta guba ne ga mutum da dabba.

Hatsi, feshi da dabbobi

Don kare wake daga ƙwaro akan cuɗa mililita 2 zuwa 3 na man a kowane kilo ɗaya. Wannan ya fi dacewa da waken iri. In na ci ne, a wanke shi da ruwan ɗumi sau da yawa kafin a dafa, ko kuma a yi amfani da buhu mai ruɓi uku, wato buhun PICS, wanda ba ya bukatar kowane magani. Don feshi a gona akan daka giram 50 na ƙwaya ga kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa. Ya fi magungunan kanti sauƙi ga mai feshi, amma duk da haka a rufe hanci da baki, a kiyaye ido, a wanke hannu kafin cin abinci. Kada a wanke injin feshi a kududdufin kifi.

Awaki da raƙuma sukan ci ganyen da rani in ciyawa ta ƙare, kuma ɗan abin da suka tsinka da kansu ba ya damun su. Ɗura musu shi kullum wani abu ne daban. A wani gwaji da aka yi a Sudan a shekarun 1980, awakin da aka riƙa ba ganyen makonni a jere sun rame, sun daina cin abinci, hanta da ƙodarsu sun taɓu. Tunkuzar da ta rage bayan tatsar mai ta fi amfani a gona a matsayin taki fiye da a kwanon kaji.

Ga malamin gona

Duk ranar da za ka koya wa manoma tatsar man nan, ka sa maganar yara cikin darasin tun farko, kada ka bar ta sai jama'a sun fara watsewa. Yawanci mata ne ke daka da tatsa, su ne kuma ke ba yara magani, saboda haka darasin da aka yi wa maza kaɗai a ƙofar gida bai isa inda ake bukata ba. Nemi malamar gona ko ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta shiga cikin gida ta maimaita shi, a gayyato unguwarzoma da wanzamin gari su ji da kunnensu.

A ware turmi da taɓarya da ƙwarya na wannan aiki daban da na abinci. Man yana kama da man gyaɗa a ido, don haka kada a zuba shi a kwalbar man girki, ko ta lemo, ko tsohuwar kwalbar maganin tari ta yara, wadda ita ce aka fi samu a hannu a yawancin gidaje. A sa shi a kwalba mai murfi, a rubuta sunansa a jiki da boko da ajami, a ɗaura mata jan ƙyalle a wuya saboda wanda ba ya karatu, a ajiye ta a ɗakin kayan gona tare da injin feshi, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.